Sharhin Baitocin Mari da Rumbu: Shin Tuba Tana Cika Ba a Mayar da Haƙƙi Ba?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutane daga uba ɗaya, bai sa fifiko a launin fata ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, waɗansu 'yan'uwa sun tambaye ni a kan baitoci biyu da na sa a cikin waƙar tuba, suka ce ba su gane wanda nake nufi da su ba. Ga baitocin:

Ka kwance mari ka riƙe gonarka,
Ka ce ka tuba, ina shaidarka?

Gumin da ya zuba na rumbunka,
Ka mai da shi tun da sauran ranka.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya yi mini rahama da kai, mari shi ne ƙarfen da ake sa wa bawa a ƙafa. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: yin nadama, da barin laifin nan take, da ƙudurin ba za a koma ba. In laifin ya shafi haƙƙin mutum, sai a ƙara na huɗu, shi ne mayar da haƙƙin ga mai shi. A kan wannan na huɗun na gina baitocin. Abin da ya sa na gina su kuwa labarin wata ƙasa ne mai nisa, watau Amurka, da yaƙin basasar da ta yi a kan bauta daga 1861 zuwa 1865. Zan ba ka labarin a taƙaice, sa'an nan mu auna shi tare.

Fasali a kan asalin fitinar

A shekarar 1619 aka sauke mutanen Afirka kimanin ashirin a Birjiniya. Daga nan abin ya yi ta ƙaruwa. Da aka ƙidaya mutanen ƙasar a 1790, bayi sun kusa 700,000. Da aka sake ƙidaya a 1860, sun kusa miliyan 4. Abin da ya haɓaka su auduga ce. A 1793 aka ƙera injin gurzar auduga, sai nomanta ya zama dukiya mai yawa a jihohin kudu, kuɗin bawa ya hau, aka riƙa raba uwa da ɗanta ana sayar da su zuwa sababbin gonaki.

Cikin waɗanda aka kai can akwai musulmi masu karatu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro, wanda aka sauke a Charleston a 1807. Ya rubuta labarin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya tsufa ƙwarai, ya rasu ana cikin yaƙin yana hannun iyayengijinsa.

Manyan ƙasar sun san abin zalunci ne, da yawansu sun faɗa da bakinsu. Amma duk lokacin da maganar ta taso sai su yi sulhu a tsakaninsu su ɗaga ta zuwa gaba. Da suka rubuta tsarin mulkinsu a 1787, suka yarda a ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, kujerun kuwa na iyayengiji ne. A 1820 suka ja layi a kan taswira, suka ce arewa da shi babu bauta a sababbin yankuna, kudu da shi akwai. A 1850 suka kafa doka cewa bawan da ya gudu zuwa arewa dole a kama shi a mayar. A 1857 babbar kotun ƙasar ta yanke a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da bakin kai ƙara a kotun tarayya. Ka lura, duk wannan sulhu tsakanin masu mulki aka yi shi. Wanda ake sulhu a kan wuyansa ba a taɓa kiransa majalisar ba.

Da aka zaɓi Abraham Lincoln shugaba a watan Nuwamba 1860, wanda jam'iyyarsa ta ce bauta ba za ta shiga sababbin yankuna ba, sai jihar Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba. Waɗansu suka bi ta har suka zama goma sha ɗaya. Daga baya an yi ta cewa wai don 'yancin jihohi suka ɓalle. To, takardun da Karolina ta Kudu da Misisipi da Jojiya da Teksas suka rubuta da hannunsu suna nan, kuma bauta suka ambata a fili. Ranar 12 ga Afrilu 1861 aka buɗe wuta a kan sansanin Sumter, yaƙi ya tashi.

Fasali a kan kwance mari

Da farko Lincoln ya ce yana yaƙi ne don kada ƙasa ta rabu. Amma bayi ba su zauna jiran kowa ba, suka riƙa gudu dubbai zuwa sansanonin sojan arewa. Ranar 1 ga Janairu 1863 ya fitar da shelar 'yanta bayin da ke jihohin da suka yi tawaye. Baƙaƙen fata kimanin 180,000 suka shiga rundunar arewa suka yi yaƙi. Ranar 9 ga Afrilu 1865 Janar Lee, babban kwamandan kudu, ya miƙa wuya. Bayan kwana biyar aka harbi Lincoln, ya cika washegari. A watan Disamba na wannan shekara aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta a ƙasar duka. Sojojin da suka mutu, masu ƙididdiga sun sa su tsakanin 620,000 da 750,000.

Ban raina wannan ba. Mutum miliyan 4 sun wayi gari ba mai sayar da 'ya'yansu, suka bazu a hanyoyi suna neman danginsu da aka raba su da su, suka ɗaura aurensu a gaban hukuma, tsoho da yaro suka zauna a benci ɗaya suna koyon karatu. Wanda ya ce wannan ba kome ba ne bai san zafin mari ba.

Fasali a kan rumbu

Yanzu ga inda baitin na biyu ya shigo. A watan Afrilu 1862, da aka 'yanta bayin birnin Washinton, su fiye da 3,000, gwamnati ta biya diyya har dalar Amurka 300 a kan kowane mutum. Wa aka ba? Ubangijin bawa aka ba. Haka Ingila ta yi a dokarta ta 1833, ta ware fam miliyan 20 ta raba wa masu bayi. Wanda ya ci gumin wani shekara da shekaru shi aka ɗauka a matsayin wanda ya yi hasara, mai gumin kuwa ya fita da rigar jikinsa.

An so a gyara. A watan Janairu 1865 Janar Sherman ya ba da umarni a yanka filaye a gaɓar teku ta Karolina ta Kudu da Jojiya da Fulorida, a ba kowane gida na 'yantattu har eka 40, watau wajen hekta 16. Mutum kimanin 40,000 suka zauna a filayen, suka yi shuka. Kafin shekarar ta ƙare, Andrew Johnson, wanda ya gaji Lincoln, ya yafe wa 'yan tawaye, ya sa aka mayar musu da mafi yawan filayen. Aka ce wa waɗanda suka yi shukar su yi ƙodago a wurin tsofaffin iyayengijinsu ko su tashi.

Mutum ba shi da gona, ba shi da garma, ba shi da iri, ina zai nufa? Sai ya koma gonar da ya baro a kan sharaɗin a raba amfani da kaka. Mai gona shi ke ba shi bashin abinci da iri, shi ke riƙe da littafin lissafi, shi ke auna audugar. Da kaka sai a ce masa har yanzu ana binsa, ya sake zama wata shekara. An ba baƙaƙen maza ikon jefa ƙuri'a a 1870, har waɗansunsu suka shiga majalisar ƙasa. Amma a 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu, aka yi ta ƙwace ƙuri'ar da dabara da tsoratarwa da kisa. A 1896 babbar kotu ta halatta raba fari da baƙi a jirgin ƙasa, abin ya game makaranta da asibiti da wurin shan ruwa. Sai a 1964 da 1965 aka kafa dokokin da suka rushe wannan, shekara ɗari bayan kwance mari.

Fasali a kan jayayya biyu

In wani ya ce: ai jinin mutum 620,000 ya isa diyya, me kuma ake nema? Shi kansa Lincoln, a jawabinsa na watan Maris 1865, ya ɗauki yaƙin a matsayin hukuncin Ubangiji a kan kudu da arewa gaba ɗaya saboda aikin shekara 250 da ba a biya ladansa ba. Sai mu ce: gaskiya ne hukunci ya sauka, amma hukunci daban, biyan bashi daban. In ɓarawo ya saci akuyarka, a hanya ya faɗa rami ya karye, ya ji jiki, amma akuyar ba ta dawo turkenka ba. Bashi ga mai shi ake kai shi. Jinin nan ƙasa ta shanye shi, bai zama gona ga ko da gida ɗaya ba.

In wani ya ce: waɗanda suka yi zaluncin sun mutu, kuma ba a kama ɗa da laifin uba, sai mu ce: wannan ma gaskiya ne, ba na ɗora wa jika zunubin kakansa. Amma duk wanda ya zauna wurin rabon gado ya san kafin a ba magada ko kwabo, sai an fitar da bashin mamaci. Zunubi yana binsa kabari, kayan ƙwace kuwa suna nan cikin dukiya, tsawon zamani ba ya halatta su. Ɗa ba shi da laifin satar, amma in ya sani kuma ya riƙe, daga ranar da ya sani lissafinsa ya fara. Yadda za a auna abin da wa za a ba, wannan aikin alƙalai ne da masu mulkin kowace ƙasa. Abin da nake tsaye a kai shi ne wahalar auna bashi ba ta sauke shi daga wuya.

Fasali a kan kaina

Da na tsaya nan da na yi abin da ya fi sauƙi, watau ganin laifin na nesa. Mu ma ƙasashenmu an yi bauta. Kalmomin suna nan a bakinmu: rinji, da murgu, da fansa, da cucanawa. A arewacin Najeriya sai a 1936 doka ta kawo ƙarshenta gaba ɗaya. A Nijar sai a 2003 aka sa ta cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta kama gwamnatin ƙasar da laifin rashin kare wata mata da aka sayar tana yarinya.

A gidanmu akwai wata tsohuwa da muke kira Inna. Ita ta goye ni, ita ta goyi mahaifina. Sai da na girma na gane ba 'yar dangi ba ce, kakana ya gaji uwarta a cikin dukiya. An daɗe da cewa sun zama 'ya'ya, ba mai kiransu bayi a gabansu. Amma fadamar da muke ci, mazajensu ne suka sare ta suka tumɓuke kututturanta. Ranar da aka raba gadon mahaifina ina zaune, jikokin Inna ne suka ja igiyar awo, ba a yanka musu ko taki ɗaya ba, ni ma ban buɗe baki ba. Bayan shekaru, ɗaya daga cikinsu ya nemi auren wata 'yarmu, aka ce a bincika asali, maganar ta mutu a nan.

Da na karanta labarin filayen da aka ba 'yantattun Amurka aka sake karɓewa, ranar awon nan ce ta faɗo mini a rai. Na tara 'yan'uwana na faɗa musu abin da na rubuta a sama. Babban yayanmu ya ce, "Malam, kai ma da tone-tone! Abin da iyaye suka rufe, bar shi a rufe." Na ce, "Yaya, mu muka rufe shi, a wurin Allah a buɗe yake." Biyu suka yarda, sauran suka ƙi. Mu ukun muka yanka daga rabonmu, muka kira mai gari da liman suka shaida, aka rubuta. Ban ce na biya ba, domin abin da muka bayar bai kai aikin damina goma ba, balle na kaka da uba da ɗa. Dattijon da ya karɓi takardar ya dube ta ya daɗe, ya ce, "Da Inna na da rai." Bai ƙara kome ba, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Wannan shi ne nufina da baitocin. Ya ɗan'uwa, kada ka ce ba ka da bawa don haka maganar ba taka ba ce. Duba almajirin da ke yi maka aiki ba lada, da yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana daka da wanki a gidanka, da ɗan ƙodagon da ka ja wa kuɗinsa har ya gaji ya bari. In kana da abin wani, kai masa tun kana iya tafiya da ƙafarka, ka nemi gafararsa da bakinka.

Allah Ya sa mu tuba tuba cikakkiya, Ya sauke mana haƙƙin bayinSa tun muna duniya, Ya jiƙan Inna da duk waɗanda suka mutu da mari a ƙafa. Allah shi ne Masani.