Bimbinin Safiya: Ƙwai Ba Ya Juya Kansa

 Kafin hidimar yini ta ɗauke mu, mu ɗan dakata a kan tabarmar salla mu dubi wani ƙaramin aiki da mata ke yi a gidajen Gatawa, Tsamaye, Unguwar Lalle da ƙauyukan Isa, musamman in damina ta faɗi zabi sun fara saka.

Zabuwa ba ta da riƙon kwanci irin na kaza. A cikin ciyawa ko gindin geza take ɓoye ƙwanta, sai yara sun bi sawunta sun tsinto. Don haka ake tara ƙwan ɗai-ɗai, yau biyu gobe uku, har a sami kazar da ta shiga kwanci a zuba mata kamar 10 zuwa 12. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, na zabo 26 zuwa 28. Kowa ya san wannan lissafin. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne kwanakin da ƙwai ke yi a ajiye kafin kaza ta hau shi, alhali a nan ne tsaki da yawa ke mutuwa tun ba a gan su ba.

Dubi yadda tsohuwar da ta san aikin take yi. Tukunyar ƙasa ce take zuba wa yashi mai ɗan laima, ta girke ta a gindin randa inda rana ba ta kaiwa. Ta ware mai tsagewa da mai kashi a jiki, waɗannan na ci ne. Sauran ba ta wanke su, domin ɓawon yana da wani siririn rufi da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuma yana cire shi. Sai ta ɗauki gawayi ta ja layi a gefe ɗaya na kowanne. Da safe layin na sama, da maraice ta mirgina shi ya koma ƙasa. In jikanyarta ta ce, "Inna, mi a amfanin wannan wahala?" sai ta amsa mata, "Ɗiyata, ƙwai ba shi juya kainai."

Masana kiwon kaji sun gaskata ta. Gwaiduwa ta fi farin ƙwai sauƙin nauyi, kullum tana tasowa sama, kuma a samanta ɗigon da zai zama ɗan tsako yake. In aka bar ƙwai a kwance wuri ɗaya, sai ta manne da fatar cikin ɓawo, ɗigon ya lalace. Masu jera shi a faranti suna kifa tsinin ƙasa, faffaɗan kan da ke da ɗakin iska yana sama, sa'an nan su riƙa karkata farantin yau dama gobe hagu. Sanyin da ake so bai wuce digiri 13 zuwa 18 ba. In ɗumi ya yi yawa, ɗan tayin zai fara girma a raunane kafin lokacinsa, ya mutu a hanya, ga shi kuwa a ƙasar Gobir zafin Afirilu yakan haura digiri 40. Firji ma ba mafita ba ne, sanyinsa ya yi yawa. Kuma ajiyar tana da iyaka: kwana 7 ne mafi kyau, bayan nan kowace rana tana rage rabo, in aka wuce mako biyu baragurbi ya yi yawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, rai na nan a cikin ƙwan, Allah Ya riga Ya ajiye shi, amma ba shi da ikon ko da mirginawa. Sai wani hannu ya zo.

Kamar ƙwan nan, mutanen wannan yanki sun daɗe a cikin jira. Tun 2019 dubun dubatar jama'a suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji, saboda 'yan bindiga. Wasu sun tare a cikin garin Sabon Birni da Isa, wasu a Sakkwato, suna raɓe a kangaye da zaurukan 'yan'uwa. A 2021 an rufe kasuwanni, an yanke layukan waya. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansa. Fadamun Gulbin Rima da Bunsuru da ke ciyar da gidaje, da yawa ba su shiguwa. Manomin da ya saba fita da kalme tun da duku-duku yanzu yana zaune a bakin wani shago a garin da ba nasa ba, yana ƙirga daminar da ta wuce shi.

Muna yawan ce wa irin wannan mutum ya yi haƙuri, kuma gaskiya muke faɗa, haƙuri ibada ne. Amma ina jin tsoron wani lokaci kalmar takan zama hanyar sallamarsa mu wuce. Zuciyar da aka bari ita kaɗai a kan baƙin ciki ɗaya, wata da watanni, tana mannewa da shi. Uwar da aka kashe mata ɗa, in babu mai shiga ɗakinta, sai ta daina magana. Yaron da makarantarsa ta tashi, in ya shekara biyu bai riƙe allo ko littafi ba, karatun ya fita daga kansa, wani abin ya shiga. Ba su mutu ba, ba su kuma lalace ba tukuna, amma kwanakin ajiyarsu ba su da yawa.

Allah ne Mai fitar da rayayye daga abin da muke gani kamar matacce, Shi ne kuma Mai jujjuya zukata. Tsohuwar nan ba ta taɓa cewa ita ke ƙyanƙyashe tsaki ba. In an yi mata barka cewa take, "Ikon Allah ne." Duk da haka ba ta taɓa fasa tashi ta mirgina ƙwan ba, safe da maraice. Tawakkalinta bai hana hannunta aiki ba, kuma ni a nan nake ganin sahihin dogaro ga Ubangiji.

Ya Allah, Ka dawo da aminci ƙasar Gobir da Zamfara da duk inda bayinka ke gudun tsira. Ka kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji, Ka mayar da manoma gonakinsu, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu. Kada Ka bar zukatanmu su bushe a kan 'yan'uwanmu.

Kai kuma mai karatu, ka san wani gida a unguwarku da baƙin gudun hijira ke ciki. Kafin azahar ta yau ka je ka yi sallama, ka zauna ka saurare su, ka tambayi ko yaransu na zuwa makaranta, in ba sa zuwa ka kama hannun ɗaya ka kai shi. Jibi ma ka koma.