Tambayar Likita da Rufin Asirin Mai Jin Yunwa

A shekarar 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci mambobinta da su riƙa tantance iyalan da ke zuwa asibiti game da ƙarancin abinci, wato halin da gida ke shiga idan ba shi da tabbacin samun isasshen abinci a kowane lokaci. Hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda aka wallafa a 2010, tambayoyi biyu ce kacal: ko cikin watanni 12 da suka wuce iyalin sun yi fargabar abinci zai ƙare kafin kuɗi su zo hannu, da kuma ko ya taɓa ƙarewar alhali babu na sayen wani. Hujjar likitanci a fili take, domin mai ciwon sukari da ya yi allurar insulin da wofin ciki sukarin jininsa na iya faɗuwa har ya suma.

Abin da ke buƙatar nazari shi ne ko wannan tambaya ba tonon asiri ba ce, tunda yunwa na cikin abubuwan da mai mutunci ya fi ɓoyewa. Aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta yabi matalautan da ke kame kai daga roƙo har wanda bai san halinsu ba ya ɗauka mawadata ne, amma ta ambace su ne domin a neme su a ba su, saboda haka nauyin ganowa yana kan mai hali. Idan aka yi wa kowa tambayar, mai tsadaddiyar shadda da mai tsumma, kuma a keɓe inda na bayan layi ba zai ji ba, an ɗauke wa mabuƙaci wahalar buɗe baki da kansa, sannan ba a jira sai tamowa ta bayyana ba, lokacin da ma'aunin damtsen yaro ya sauka ƙasa da santimita 11.5.

Sai dai amsar da aka samu amana ce, kuma a nan ne sharaɗin halaccin tambayar yake. Ma'aikaciyar jinyar da uwa ta sunkuyar da kai ta ce mata jiya ba a ɗora tukunya ba, ba ta da uzurin rubuta wannan a kati ta kira na gaba, sai ta haɗa ta da inda za a tallafa mata. A Amurka akan tura irin wannan uwa zuwa shirin tallafin abinci na SNAP ko na WIC ko rumbunan abincin agaji, kuma asibitin da bai tanadi irin wannan hanya ba tun kafin ya fara tambaya ya sa mutum ya faɗi abin da yake jin kunyarsa, sannan ya sallame shi da takardar magani mai cewa a sha bayan an ci abinci.