Gatari Biyu, Rami Ɗaya

Jama'a, Turawan Ingila suna da wata karin magana da sukan yi idan masu gāba sun shirya. Sukan ce an binne gatari. Watau an kashe rigima, ba mai sāke tada ita.

Asalin maganar ba daga Ingila yake ba, daga Amurka ta Arewa ne. Mutanen ƙasar na asali, kafin bindiga ta yawaita, ƙaramin gatari yana cikin manyan makamansu. Idan za su yi sulhu sai su haƙa rami su turbuɗe shi a gaban shaidu. Wani Bature, Samuel Sewall, ya rubuta a shekarar 1680 cewa da aka ƙulla amana a garin Albany tsakanin Ingilishi da sarakunan ƙasar, gatari biyu aka binne, ɗaya na Turawa, ɗaya nasu. Ya ce a wurinsu wannan ya fi kowace takardar alkawari ƙarfi. An sāke yin irin wannan biki a Halifax a 1761.

To, abin lura a nan shi ne gatarin biyu ne. Mu kuwa yau mukan ari maganar mu manta da lissafin. Mai ƙarfi ya ƙwace gonar maraya, sa'an nan dattawa su taru su ce wa yaron ya yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Yaro ya binne nasa, mai ƙarfi ya koma gida da nasa a kafaɗa, da gonar kuma. Wannan ba sulhu ba ne, ƙwace makami ne. Su ma masu al'adar haka ta same su: sun binne nasu, amma bayan shekaru yawancin ƙasarsu ta fita hannunsu.

Ba mu ce kada a yafe ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma wanda ya yafe don Allah ladansa na nan. Amma yafewa aikin mutum ɗaya ne, sulhu kuwa jinka ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukarsa.

Saboda haka duk wanda aka kira shi shirya mutane, kafin a shafa fatiha ya leƙa ramin ya ƙirga. In ya ga gatari ɗaya, to, aiki bai ƙare ba. Allah ya sa mu gane.