Maraƙi a Bayan Mota: Me Dabbar Yanka Take Bin Mai Ita?

Ƙaramin manomi a Amurka mai 'yan maruƙa biyu ko uku ba kasafai yake da halin sayen tirelar shanu ta musamman ba. Abin da ke gare shi ita ce 'yar tirelar da yake maƙala wa motarsa ya kwaso itace ko buhunan taki, mai gajeren bango, ba rufi. Idan ranar kai maruƙa kasuwa ta matso, sai ya shiga lissafin yadda zai gyara ta. Mai kiwon turke a Kano ko Maraɗi ya san wannan lissafi sarai, ko da yake nasa abin hawan a-kori-kura ce, ko Kanta, ko tirelar tarakta. Ya je Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a ya sayo maruƙa, saura yadda za su isa gida da ƙafafunsu huɗu lafiya.

Gyaran kansa aikin mai walda ne da kafinta. Bango sai an ɗaga shi ya wuce kan dabbar, a gitta ƙarafa a sama, domin maraƙin da ya firgita yana tsallake abin da mutum ba zai yi zato ba, kuma idan ya tsallake kwalta ce za ta tarbe shi. Ƙasan bangon a toshe shi da katako kada kofato ya zurma ta tsakanin ƙarafa, samansa kuwa a bar wa iska hanya. Daɓen ƙarfe tsura, da zarar fitsari da kashi sun jiƙa shi, ya zama santsi, shi ya sa ake shimfiɗa katako mai tsage-tsage ko tabarmar roba, a zuba yashi ko ɓuntun shinkafa a kai. Duk wani tsinin walda a goge shi, duk kan ƙusa a dasashe shi. A duba kuma inda salansar mota take fesa hayaƙi, kada ya zama hancin dabbobin ne ke shaƙarsa tun daga kasuwa har gida.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: yawan fili ma illa ne. Maraƙi ɗaya a tirela mai faɗi, duk birkin da aka taka sai ya yi jifa da shi, don haka ake sa shinge mai motsi a tsakiya a rage masa wurin. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 ta yanka wa maraƙi mai nauyin kilo 200 fili tsakanin murabba'in mita 0.70 zuwa 0.95, ta kuma hana gangaren hawa ya wuce digiri 20 idan maruƙa ne za su taka shi. Sannan shi kaya mai rai ba ya zama inda aka ajiye shi. Masu jan tirela suna so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maƙalin da ke haɗa ta da mota. Idan maruƙa suka tattaru a baya, gaba ya yi sakayau, sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya har ta fizge motar daga hannun direba.

Duk wannan kuɗi ne, kuma a nan tambayar take tasowa. Ba a rasa wanda zai ce a bakin kara: dabbar da ƙarshenta wuƙa, me ye na shimfiɗa mata roba? Maganar ba ta banza ba ce, ta cancanci amsa.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce ta riba. Maraƙin da ya sha wuya a hanya yakan kwanta da ciwon huhu bayan 'yan kwanaki, saboda gajiya da firgici suna karya masa garkuwar jiki. Sa da ya galabaita kafin yanka namansa yakan yi duhu, ba ya jimawa yake lalacewa. Fatar da ƙaho ya yage ta faɗi a kasuwa. Temple Grandin, malama a Jami'ar Jihar Kolorado, da irin wannan hujja ta shawo kan manyan mayankun Amurka suka gyara daɓensu da hanyoyin da suke kora shanu. A gida ma, masu bincike biyu, Minka da Ayo, sun wallafa nazari a 2007 kan raunukan da Rahaji da Bunaji da Bokoloji ke samu a mota lokacin bazara, kuma masu dogon ƙaho ne suka fi jin jiki. Ga layya kuma: dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta isarwa, don haka karayar ƙafa a hanya asara ce ninki biyu.

Hujja ce mai kyau, amma tana da iyaka. Ɗan kasuwa ya iya lissafi. Idan ya cusa ƙarin shanu biyar a tirela, kuɗin motar ya rabu a kan kawuna da yawa. In ɗaya ta faɗi aka tattake ta, a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, a sayar wa mahautan garin da aka tsaya. A ƙarshen tafiya lissafinsa bai faɗi ba. Akwai wuraren da azabtar da dabba ke kawo riba, kuma wanda tausayinsa ya dogara da riba zai ajiye shi a daidai wurin da dabbar ta fi bukatarsa.

Musulunci ya shigo wa maganar ta wata ƙofa. Izinin da aka bai wa ɗan Adam na yanka izini ne ƙuntatacce: a ɗauki rai da sunan Allah, don ci, ta hanya sananniya. Bai haɗa da izinin wahalarwa ba, kafin yankan ko lokacinsa. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya nuna kyautatawa wajiba ce a kan komai, sannan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga misali da wuri mafi tsanani, wato lokacin yanka, ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da dabbar. Abin lura ne ƙwarai. Dabbar da saura mata 'yan daƙiƙu a duniya, shari'a ba ta ce tunda an zo ƙarshe komai ya wuce ba. A wata ruwaya Annabi ya ga mutum ya kayar da akuyarsa yana wasa wuƙa tana kallo, ya tsawata masa don yana neman ya kashe ta fiye da sau ɗaya. An kuma ruwaito Sayyidina Umar ya ga wani yana jan akuya ta ƙafa zai kai ta yanka, ya hana shi, ya ce ya kai ta cikin mutunci. Wannan labari na Umar a kan hanyar zuwa wurin yanka ya faru, kuma tirela a yau ita ce wannan hanyar.

Wanda ya fi kusantar aikin mai walda a cikin malaman fiƙihu shi ne Izzuddini ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Misira a 1262. A littafinsa Ƙawa'idul Ahkam ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan ɗan Adam, kuma a ciki har da kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, kada kuma a haɗa su wuri ɗaya da abin da zai karya su ko ya soke su ko ya ji musu rauni, ko da jinsinsu ne. Malamin bai taɓa ganin mota ba, amma ga hukuncin cusa ɗan maraƙi tsakanin manyan bijimai masu ƙaho nan a fili. Shingen nan na tsakiya, wanda mai mota ke ganin ɓarnar ƙarfe ne, shi ne cika wannan haƙƙi. Muslim ya kuma ruwaito cewa ranar hisabi za a rama wa akuya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Idan tunkuyin dabba da dabba ma yana da ranar tuhuma, mai hankalin da ya kulle su tare ya ja ƙofa ba shi da dalilin sakankancewa.

Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ba ta bar abin a wa'azi kawai ba. Muhtasar na Halilu, wanda almajiran zaure suka sani, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, ya kuma taƙaita tatsar nono ga abin da ba zai cutar da ɗanta ba. Littafin hisba na Shaizari, tun ƙarni na 12, ya ɗora wa mai kula da kasuwa ya sa masu kawo itace su sauke kayan daga bayan dabbobinsu idan sun tsaya, domin tsayuwa da kaya azaba ce. Mallaka a wannan fahimta amana ce mai sharaɗi, alƙali na iya ƙwace ta.

Masana falsafar Turai sun daɗe suna jayayya kan abin da wannan fiƙihu ya ɗauka tabbatacce. Descartes a ƙarni na 17 ya ɗauki dabba inji ce kawai. Bentham a 1789 ya mayar da ma'aunin ga jin zafi maimakon hankali ko magana, kuma wasu da suka biyo sawunsa, irin su Peter Singer a 1975, suka kai ga ƙin cin naman da ake samarwa ta hanyar azaba. Daga wannan ɓangare ake yi wa mai addini tambaya: ta yaya za a tausaya wa abin da za a yanka? Amsar tana jikin dabbar. Maraƙi bai san mayanka ba, bai san gobe ba. Abin da ya sani shi ne daɓen da ƙafarsa ke zamewa a kai yanzu, da ƙishirwar da yake ji yanzu. Gajartar kwanakin da suka rage masa ba ta rage zafin awa ɗaya a cikinsu. Yankan abu ne da aka halatta, kuma nan take yake ƙarewa idan an kyautata shi. Wahalar kwana biyu a mota kuwa babu nassin da ya halatta ta, ɗan Adam ne ya ƙaro ta da kansa.

Adalci ne a saurari masu sana'ar. Daga Potiskum ko Maigatari zuwa mayankar Oko-Oba a Legas ya haura kilomita 1,000. Man dizal ya yi tsada, shingayen karɓar kuɗi ba su ƙirguwa, tsayawa da dare a wasu wuraren kasada ce ta rai. Samarin da ke zaune a kan ƙarafan saman tirela, rana da ruwa a kansu, suna lura da wadda ta faɗi su tashe ta, su ma ba hutu suke ba, kuma idan mota ta kife tare ake mutuwa. Fataken da suka riƙa kora shanu da ƙafa ta burtali suna shafe makonni, da jirgin ƙasan da ya karɓi wani kaso na aikin bayan layin dogo ya iso Kano, kowannensu da irin wahalarsa. Ba wanda ke cewa a daina kai shanu Kudu. Sai dai ƙa'idar malamai ce cewa lalura ana auna ta gwargwadonta, kuma yawancin abin da ke cutar da dabba a mota ba lalura ce ta kawo shi ba. Yashi kyauta ne. Ɓuntun shinkafa tsibi yake a bakin injin casa. Yin lodi da asuba ko da yamma maimakon tsakar rana ba ya cin ko kobo. Murɗa wutsiya har ta karye, da bugun ido da sanda, da wurgo maraƙi daga kan bodi don babu gangaren sauka, waɗannan gaggawa ce da sabo.

Alhakin ma ba na mutum ɗaya ba ne. Mai dabba shi ya zaɓi mota. Mai walda shi ya san tsinin da ya bari bai goge ba. 'Yan lodi su suka haɗa babba da ƙarami. Direba kuwa ƙafarsa ce ke yanke hukunci a kowace kwana da kowace gargada, tunda mai tsaye a kan kofato ba shi da abin riƙewa.

Dokoki ba a rasa su ba. Amurka tun 1873 ta hana a wuce awa 28 da dabbobi ba a sauke su sun ci sun sha ba. Turai ta ce maraƙin da ba a yaye ba, bayan awa 9 a tsaya a ba shi ruwa. A Nijeriya sashe na 495 na kundin laifuffuka ya haramta ɗaukar dabba ta yadda za ta sha wahala ba dalili, kuma tun 2024 akwai ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Amma wanda maganarsa ta fi shiga kunne a wurin lodi shi ne sarkin kara da shugabannin direbobi, sai limamin da ke huɗuba ana gab da Babbar Salla, sai hukumomin Hisba da suka gaji sunan wancan mai kula da kasuwa. Kowace babbar kara za ta iya gina dakalin lodi na siminti mai gangare, ta yanka adadin kawunan da kowace irin mota za ta ɗauka, ta kuma hana motar da ba ta da shimfiɗa da shinge ɗaukar maruƙa, kamar yadda ake hana wadda ba ta biya kuɗin shiga ba wucewa ta ƙofa.