Wa Ke Asara In An Toshe Bakin Ɗan Jarida?

'Yan'uwa, a watan Oktoba na 2022 gwamnatin Jihar Zamfara ta ba da umurnin rufe wasu kafofin watsa labarai a Gusau, har da NTA da Pride FM, domin sun ɗauko labarin taron jam'iyyar PDP bayan an hana tarukan siyasa saboda rashin tsaro. Hukumar NBC ta ce jiha ba ta da wannan iko, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye umurnin.

Shin tsaro ya isa hujjar toshe bakin mai ba da labari? Ko kaɗan. Manomin Tsafe da ɗan kasuwar Bungudu sun fi kowa bukatar sanin inda 'yan bindiga suka tare hanya. In gidan rediyo ya yi shiru, jita-jita ce ke maye gurbinsa, ita kuwa ba ta da uban da za a tuhuma. Ɗan jaridar da ya yi ƙarya, kotu na nan domin hukunta shi.

Saboda haka, wanda ya ga ana tsangwamar ɗan jarida kada ya ce ba ruwansa, gama kunnensa ne ake toshewa.