Anya Hali Zanen Dutse Ne?

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Ni kuwa ina da ja, hujjata kuma daga ilmin halittar ɗan tayi na samo ta.

A farkon halittar kwaɗo, ko ɓera, ko mutum, ƙwayoyin jiki sukan kasu shimfiɗa uku. Daga ta tsakiya, wadda masana ke kira mesodam, ake samun tsoka da jini da zuciya da ƙoda. Abin mamaki, littafin gadon da ke cikin ƙwayoyin nan iri ɗaya ne. Wasu sunadarai ne ke hawa kansa, su buɗe wani shafi, su rufe wani. Ɓeran da ya rasa ɗayansu, mai suna Brachyury, ba ya samun rabin jikinsa na baya, a ciki yake mutuwa. Wa ke tayar da sunadaran nan? Saƙo daga ƙwayoyi maƙwabta. Ashe zama da maɗaukin kanwa tun a mahaifa ya faro.

To, in ƙwaya ta riga ta kama hanya fa? A 1987 Harold Weintraub da abokan aikinsa a Amurka suka kunna sunadari guda, MyoD, cikin ƙwayoyin da ba na tsoka ba, sai ga su sun koma tsoka.

Ban ce mutum ƙwaya ne ba, yana da hankali da zaɓi. Amma 'yan'uwa, duk ranar da muka ce wa wanda ya fito daga kurkuku ba ya gyaruwa, muka hana shi aiki da aure, mu maƙwabtansa ne muka rufe masa shafin. Allah ya sa mu gane.