Ƙofar da Ba Ta da Zaure

Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san amfanin zaure. Nan baƙo yake tsayawa ya yi sallama, maigida ya fito ya ga fuskarsa, ya ji abin da ke tafe da shi, kafin a san ko za a shimfiɗa masa tabarma ko za a sallame shi daga nan. A New Bell, unguwar da Jamusawa suka yanka wajen 1914 domin su kawar da baƙar fata daga bakin kogin Wouri, wadda daga baya ta zama masaukin Hausawa da sauran baƙin Duwala, yawancinmu ba mu da filin gina zaure. Gidajen katako ne manne da juna. Duk da haka ba mu yar da sallama ba. Ko labule ne kaɗai a ƙofa, namiji ba ya ɗaga shi sai an amsa masa.

Amma ga shi yanzu an buɗe wata ƙofa a kowane ɗaki, ba ta da zaure, ba ta da labule. Tun wajen 2015, da MTN da Orange suka sami izinin intanet mai sauri a Kamaru, waya ta tashi daga abin kira ta zama kasuwa da dandali da majigi a tafin hannu. Baƙo yana iya shiga wurin 'yarka da ƙarfe ɗaya na dare, kai kuwa kana barci a bayan katako ɗaya. Tambayar da iyaye suke kawo mini bayan sujada ita ce: ko daidai ne uba ko uwa su duba wayar ɗansu, ko kuwa cin amana ne?

Bari in ba da labarin da ya sa na daina amsawa da gaggawa. Wata 'yar'uwa mai sayar da abinci ta zo gidana da wayar 'yarta a ƙulle cikin gefen zane. Yarinyar tana da shekara 14, tana cikin ajin baftisma da nake koyarwa. Wani mutum da ba a taɓa ganin fuskarsa ba ya fara da gaisuwa a Facebook, ya koma WhatsApp, ya riƙa aiko mata da sefa dubu biyu, dubu uku ta waya, wai kuɗin makaranta. Daga baya ya nemi hoto. Da ya samu, sai ya juya ya ce in ba ta ƙara ba, zai watsa wanda ke hannunsa. Wata uku yarinyar tana ramewa, ba ta faɗa wa kowa ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Malam, na san Baba zai doke ni, ya kuma ƙwace wayar." Uwar kuwa ta ce mini, "Malam, ai kowane dare ina dubawa in ta yi barci." Yarinyar ta riga ta gane, saboda haka takan share kome kafin ta kwanta.

A gidan nan akwai tsaro, akwai tsanani, amma ba su cece ta ba. Tun daga ranar nake tunani a kan abin da ya ɓace.

Waɗansu suna cewa a hana yara waya ɗungum. Suna da hujja. Kamfanonin da kansu sun sa shekara 13 ta zama mafi ƙanƙantar shekarun buɗe shafi a Facebook da TikTok, amma yaro yakan ƙara wa kansa shekaru da yatsa ɗaya. An kuma gina waɗannan dandali yadda za su lura da abin da ido ya daɗe a kai, su ƙaro irinsa, gama daga talla suke cin riba, tallan kuwa yana bukatar idon da bai gaji ba. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da na ƙananan sakandare a 2018. Ostareliya ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafi a manyan dandalin zumunta. Ƙasarmu ma ta kafa dokar kāre yara a intanet ranar 25 ga Yuli 2023. Sai dai doka ba ta kwana a ɗakinmu. Yaron da aka hana a gida yakan ari ta abokinsa a bayan makaranta, inda ba idon kowa. Ga ƙaramin yaro hani daidai ne. Ga ɗan shekara 15 kuwa, hani kaɗai jinkiri ne, ba magani ba.

Waɗansu kuma suna cewa a bar yaro da sirrinsa, zamaninsu ne. Wannan ban yarda da shi ba. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22, ya umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da 'yar katanga, domin kada alhakin wanda ya faɗo ya hau kansa. Ba a hana hawa soro ba, an dai ɗora wa mai gida aikin kāriya. Wanda ya saya wa ɗansa waya ya gina soro. Mu kuma tuna da Eli firist, wanda ya ji labarin muguntar 'ya'yansa, ya yi musu magana mai laushi, bai hana su ba, hukunci kuwa ya sauko a kan gidansa duka.

To, amsata ita ce: duba, amma a fili. Maigida a zaure ba ɓuya yake yi ba. Kowa ya san yana nan, 'ya'yansa kuma sun san domin su yake zaune. Leƙen asiri da dare yana koya wa yaro abu ɗaya, wato ya ƙware a ɓoyo. Ranar da za ka miƙa masa waya, ku yi alkawari baki da baki: lambar buɗe ta tana wurin uwa da uba, za a duba tare da shi yana zaune, waya kuma ba ta kwana a shimfiɗa, tana kwana a ɗakin iyaye. Kuɗin da ya shigo daga wanda gida bai sani ba, a faɗa a ranar. In kai ba ka iya karatun Faransanci ba, kada kunya ta hana ka. Ka ce ɗanka ya koya maka, ko ka nemi wani amintacce cikin ikilisiya.

Sa'an nan ga alkawarin da ya fi wuya, wanda yake kan iyaye: duk abin da yaro ya kawo da bakinsa, ba za a amsa da bulala ba. Mai lalata yara ba shi da makamin da ya fi tsoron da yaro yake ji wa ubansa. In ka kawar da wannan tsoro, ka karya masa baka. A adana saƙonnin, kada a biya ko sisi, a kai ƙara wurin 'yan sanda. Yarinyar da aka yaudara ba ita ce mai laifin ba.

Kada mu manta kuma, yara suna kallonmu. Uban da yake latsa waya a lokacin addu'ar iyali, uwar da take tura hoton 'yar maƙwabta domin a yi dariya, sun riga sun yi wa'azinsu. Mun ce ɗa na kowa ne. Maƙwabtanmu Musulmi suna ɗauke da wannan kaya kamar yadda muke ɗauke da shi, in ka ga ɗansu a bakin rami, ka yi magana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dubawar ta ragu yayin da hankali yake ƙaruwa, gama wata rana ɗanka zai tafi Yawunde ko Garwa da wayarsa, ba kai a kusa. Abin da zai tsare shi a can shi ne zauren da ka gina a zuciyarsa. Yarinyar nan an yi mata baftisma bara. Ubanta, bayan mun daɗe muna magana, ya ajiye bulalarsa, shi ne ma ya raka ta wurin hukuma. Ubangiji ya ba mu hikimar tsaron ƙofofinmu. Amin.